Yadda Ake Girka Manhajar Kallon Hargitsin Lissafi a Kwamfuta, Ko Babu Intanet

Duk wanda ya taɓa koyar da lissafin abubuwan da halinsu na gobe ya dogara ga halinsu na yau ya san inda allo da alli suke gazawa. Malami zai iya rubuta ƙa'idoji uku na masanin yanayi Edward Lorenz a layi uku, ɗalibai su kwafa cikin minti biyu, amma abin da ƙa'idojin suke yi idan aka sake su suna tafiya ba ya zanuwa da hannu, kuma hoto guda da aka buga a littafi ba ya nuna yadda aka kai gare shi. A zaman da nake yi da wasu ɗaliban lissafi da na injiniya da yamma a Yelwa, nan Bauchi, na lura cewa ɗalibin da ya ja maɓalli da hannunsa, ya ga layi ya rabu biyu a gabansa, ba ya sake tambayar ma'anar rabuwar. Gani ya kori ji. Sai dai ganin ma yana iya yaudara, shi ya sa wannan bayani zai tafi da abubuwa biyu tare, wato girka manhajar da kuma gwada gaskiyar abin da take nunawa.

Akwai kalmomi uku da zan riƙa maimaitawa. Tsari mai sauyawa shi ne duk abin da wata ƙa'ida tabbatacciya take faɗin yadda yake canzawa da lokaci, kamar yawan dabbobi a daji ko lilon agogon bango. Akala ita ce lambar da ba ta canzawa yayin da tsarin yake tafiya, amma idan mai bincike ya canza ta sai halin tsarin ya canza, kamar yadda akalar raƙumi take juya shi. Matsaya kuwa ita ce wurin da tsarin yake zama idan ya kai, ba ya ƙara motsi.

Zaɓin manhaja da girka ta

Shawarata ita ce a yi amfani da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, tare da ƙunsoshinta guda uku: NumPy mai riƙe jerin lambobi, SciPy mai warware ƙa'idojin sauyi, da Matplotlib mai zane, wadda John Hunter ya fara fitarwa a 2003. Dukansu kyauta ne. MATLAB tana yin wannan aiki da kyau, amma lasisinta na kuɗi ne. Google Colab ba ta bukatar a girka komai, sai dai ba ta aiki sai da intanet, kuma wanda yake auna datarsa da megabayit ba zai so darasinsa ya rataya a kan sabis ba. Anaconda tana zuwa da komai a haɗe, amma nauyinta ɗaruruwan megabayit ne, mafi yawansu kayan da wannan aiki ba ya bukata.

A kwamfutar Windows, sai a shiga shafin python.org a sauke fayil ɗin girkawa, wanda bai kai megabayit 50 ba. Wanda kwamfutarsa ta hannu ce mai Windows 7 ya nemi Python 3.8, domin ita ce ta ƙarshe da take aiki a kanta. Da an buɗe fayil ɗin, a ƙasan tagar farko akwai ɗan akwati da ke tambaya ko a saka Python a cikin PATH, wato jerin wuraren da Windows take duba idan an ba ta umarni, kuma wajibi ne a yi masa alama kafin a ci gaba. Mafi yawan waɗanda suke dawo mini da cewa kwamfuta ta ce ba ta san umarnin ba, wannan akwati suka tsallake. Haka kuma kada a cire alamar da ke kan tcl/tk da IDLE, domin da Tk ne Matplotlib za ta buɗe tagar zane, IDLE kuma shi ne inda za a rubuta umarni.

Bayan haka sai a buɗe baƙar tagar umarni da ake kira cmd, a rubuta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

```
mkdir C:\lissafi
cd C:\lissafi
python -m venv wuri
wuri\Scripts\activate
pip install numpy scipy matplotlib
```

Layi na uku yana keɓe wani wuri na musamman domin wannan aiki kaɗai, ta yadda idan wani abu ya lalace sai a goge foldar a sake sabuwa ba tare da an taɓa sauran kwamfutar ba. Idan layi na huɗu ya yi aiki, sunan wurin zai bayyana a farkon layin umarni, kuma duk ranar da aka dawo aiki sai an sake rubuta wannan layi. Na ce cmd da gangan, domin PowerShell, ɗaya tagar umarnin ta Windows, ta kan hana wannan umarni gudana sai an canza mata izini. Mai amfani da Ubuntu zai fara girka python3-venv da python3-tk, sannan ya kunna wurin da `source wuri/bin/activate`. A guji saka ƙ, ɗ ko ɓ a sunan folda, ko barin tazara a ciki, domin ba kowace manhaja ce take jure su ba. A cikin zanen kuwa babu wannan matsala, tunda rubutun DejaVu Sans da Matplotlib take zuwa da shi yana ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, mutum zai iya sa wa hotonsa take da cikakkiyar Hausa.

Idan ɗalibai da yawa ne za su girka, babu dalilin da zai sa kowa ya ƙona datarsa a kan kaya iri ɗaya. Mutum ɗaya ya sauke su cikin folda, a zuba a filash, sauran su girka daga can:

```
pip download numpy scipy matplotlib -d kaya
pip install --no-index --find-links=kaya numpy scipy matplotlib
```

Sharaɗin shi ne kwamfutocin su zama iri ɗaya ta fuskar Windows da lambar Python, domin abin da aka sauke wa Python 3.12 ba zai hau 3.10 ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a saka fayil ɗin girka Python ɗin kansa a cikin filash ɗin, kowa ya fara daga nan.

Gwajin farko: ƙa'idar layi ɗaya

Ban ga hikimar farawa da hoton Lorenz ba, duk da shi ne kowa yake ɗokin gani. Ya fi kyau a fara da ƙa'idar da za a iya bi da na'urar lissafi ta hannu, wato wadda Robert May ya shahara da ita a maƙalarsa ta 1976 a mujallar Nature. A ɗauki x a matsayin yawan wasu ƙwari a bana, an auna shi tsakanin 0 da 1, inda 1 yake nufin iyakar abin da wurin zai iya ɗauka. Yawansu na baɗi shi ne r sau x sau abin da ya rage idan an cire x daga 1. Akalar ita ce r, ƙarfin hayayyafa. A buɗe IDLE a rubuta wannan, a adana shi da suna jeri.py a cikin foldar lissafi:

```
import matplotlib.pyplot as plt
from matplotlib.widgets import Slider

def jeri(r, x=0.2, n=80):
    sakamako = [x]
    for _ in range(n):
        x = r * x * (1 - x)
        sakamako.append(x)
    return sakamako

hoto, fili = plt.subplots()
hoto.subplots_adjust(bottom=0.25)
layi, = fili.plot(jeri(2.8), "o-")
fili.set_ylim(0, 1)

gurbi = hoto.add_axes([0.2, 0.1, 0.6, 0.04])
akala = Slider(gurbi, "r", 0.5, 4.0, valinit=2.8)

def sabunta(r):
    layi.set_ydata(jeri(r))
    hoto.canvas.draw_idle()

akala.on_changed(sabunta)
plt.show()
```

A baƙar tagar sai a rubuta `python jeri.py`. Taga za ta buɗe da zane a sama da maɓallin ja a ƙasa. Abu biyu ne a cikin wannan rubutu suke bukatar kula. Na farko, ba a sake zana hoton daga tushe duk lokacin da aka ja maɓalli, lambobin layin da yake nan ake musanyawa, kuma wannan ne yake sa ko tsohuwar kwamfuta ta amsa nan take. Na biyu, dole a ba maɓallin suna kamar yadda aka kira shi akala a nan, domin idan aka ƙirƙire shi a cikin wani aiki ba a riƙe sunansa ba, Python za ta ɗauka an gama da shi ta share shi, sai ya zama yana nan a fuskar kwamfuta amma ba ya amsawa.

Kafin a fara wasa da maɓallin, a gwada manhajar da amsoshin da aka riga aka sani. Idan r tana ƙasa da 1, layin zai gangara zuwa sifili, ƙwarin sun ƙare. Tsakanin 1 da 3 zai zauna a matsaya guda, wadda ake samu idan an raba 1 da r sannan aka cire sakamakon daga 1, saboda haka a 2.8 dole ya kwanta a 0.643. Idan bai kwanta a nan ba, akwai kuskure a rubutun, kuma gara a gano shi yanzu. A 3.2 zai riƙa tsalle tsakanin 0.513 da 0.799, shekarar yalwa da shekarar ƙaranci suna karɓa-karɓa. Daga wajen 3.449 lambobin za su zama huɗu, daga wajen 3.544 su zama takwas, kuma rabe-raben suna ta matsowa kusa da juna har su cure a wajen 3.57, inda hargitsi yake farawa, wato lambobin su daina maimaita kansu. Mitchell Feigenbaum ne ya gano a 1975, da ƙaramar na'urar lissafi, cewa kowace tazara tsakanin rabe-raben nan tana ƙanƙancewa da kusan ninki 4.669, kuma lambar ba ta wannan ƙa'ida kaɗai ba ce. Domin a ga wannan yanki da kyau sai a canza iyakokin maɓallin zuwa 3.4 da 4.0, a ƙara n zuwa 200. A 3.83, a tsakiyar hargitsin, tsarin zai ɗan yi ɗimuwa sannan ya nutsu yana zagaya lambobi uku: 0.156, 0.505 da 0.957.

A nan ne wani ɗalibi ya taɓa kama ni da tambaya mai kyau. Ya tsayar da maɓallin a 2.98, ya juyo da kwamfutar ya ce, "Malam, ka ce sai an kai 3 yake rabuwa, ga shi kuwa ya rabu tun ba a kai ba." Kuma lallai layin yana ta hawa da sauka har ƙarshen hoton. Na ce masa ya mayar da n 1000. Da ya yi haka sai muka ga tsallen yana raguwa a hankali har ya mutu a 0.664. Dalili shi ne a kusa da matsayar, kowane taki yana ninka nisan da ya rage da abin da ake samu idan an cire r daga 2, wato a nan kashi 2 cikin 100 kawai yake raguwa a kowane taki, don haka taki 80 ba su isa a ga ƙarshen abin ba. Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, mu ne muka tashi daga kallo da wuri. Duk inda akala ta matso kusa da wurin da halin tsari yake canzawa, tsarin yana jinkirin nutsuwa, kuma a irin wannan wuri sai an tsawaita lokaci kafin a yanke hukunci.

Tsarin Lorenz

Lorenz masanin yanayi ne da ya yi aiki a jami'ar MIT ta Amurka. A 1961, yana sake gudanar da wani lissafin yanayi a kwamfutarsa, ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, sai sakamakon ya bi wata hanya dabam bayan ɗan lokaci. A 1963 ya wallafa ƙa'idoji uku masu sauƙi da suke nuna wannan hali. Bambancinsu da gwajinmu na farko shi ne lokaci a nan ba taki-taki yake tafiya ba, gudana yake yi, don haka ana bukatar SciPy ta warware su. Kuma ba banza suka zama uku ba, domin an tabbatar a lissafi cewa tsari mai gudana wanda lambobi biyu kaɗai suke bayyana halinsa, kuma babu abin da ke tunkuɗa shi daga waje, ba ya iya yin hargitsi.

```
import numpy as np
from scipy.integrate import solve_ivp

def lorenz(t, u, rho):
    x, y, z = u
    return [10*(y - x), x*(rho - z) - y, x*y - 8/3*z]

lokaci = np.linspace(0, 40, 4000)

def warware(rho, mafari=(1, 1, 1)):
    amsa = solve_ivp(lorenz, (0, 40), mafari, args=(rho,),
                     t_eval=lokaci, rtol=1e-8, atol=1e-10)
    return amsa.y
```

Sauran rubutun irin na baya ne da gyara kaɗan. Za a buɗe hoton da `plt.figure()`, a samar da fili mai zurfi da `hoto.add_subplot(projection="3d")`, a zana layin da `fili.plot(*warware(28), lw=0.5)`, sannan a cikin aikin sabuntawa a rubuta `layi.set_data_3d(*warware(rho))`. A kafe iyakokin x da y tsakanin -30 da 30, na z tsakanin 0 da 60, maɓallin kuma ya tashi daga 0.5 zuwa 35. Idan aka danna linzamin kwamfuta a kan hoton aka ja, zai juya ta kowace fuska, kuma sai an juya shi ne ake fahimtar cewa layin da ake gani kamar yana ratsa kansa, a zahiri wani sashe yana wucewa ta bayan wani ne.

Nan ma a fara da abin da aka sani. Idan rho, wato akalar da maɓallin yake canzawa a nan, tana ƙasa da 1, komai yana komawa sifili. A 10, layin zai nannaɗe ya tsaya inda x da y suke 4.90 ko -4.90, z kuma 9. Waɗannan matsayai biyu suna riƙe da ƙarfinsu har rho ta kai wajen 24.74, daga nan sai su fara korar duk abin da ya matso. A 28, lambar da Lorenz ya yi amfani da ita, matsayan suna inda x da y suke 8.49 ko -8.49, z kuma 27, su ne idanu biyu na hoton nan mai kama da fukafukan malam-buɗe-littafi, kuma layin yana zagaya ɗaya ya tsallaka ɗayan ba tare da ya taɓa zama ba. Tarkon da ɗalibina ya faɗa yana nan ma: a wajen 22 ko 23 layin zai iya daɗewa yana yawo kamar mai hargitsi kafin daga baya ya faɗa matsaya, don haka lokaci 40 ba lallai ya isa ba.

Lambobin rtol da atol da na saka su ne iyakar kuskuren da aka yarda SciPy ta yi a kowane taki. Idan ba a faɗa mata ba, tana ɗaukar 0.001 da 0.000001, kuma wannan sakaci ne ga tsari irin na Lorenz. Amma ko an matse su akwai iyakar da ba a ƙetarewa. A rho 28, ƙaramin bambanci tsakanin mafarai biyu yana ninkuwa kusan sau 2.5 a kowane lokaci 1, idan an ɗauki matsakaici, saboda haka bambancin 0.00000001 yana kai wa girman hoton kansa bayan wajen lokaci 23, ko ya ɗan jinkirta gwargwadon inda aka faro. Mai karatu ya gwada da kansa, ya zana x na mafarai biyu masu wannan tazara a hoto ɗaya da launi biyu, zai ga sun tafi a manne kamar layi guda, sannan can gaba kowa ya kama gabansa. Abin da wannan yake nufi shi ne kuskuren lissafin kwamfutar ma haka yake ninkuwa. Siffar hoton abin dogaro ce, haka faɗinsa da wuraren idanunsa, amma cewa a lokaci 38 layin yana fiffiken dama, wannan ba maganar da za a rubuta a kundin bincike ba ce sai an sake lissafin da rtol mafi tsauri an ga amsar ba ta canza ba.

Wasu ɗalibai sun fi son rubuta hanyar Euler, mafi sauƙin hanyoyin warware ƙa'idojin sauyi taki-taki, da kansu domin ita aka koya musu a aji, kuma babu laifi a matsayin atisaye, amma tana da son zuciya. Idan aka gwada ta a ƙa'idar Lotka da Volterra ta mafarauci da abin farauta, wadda nake misaltawa da kuraye da bareyi domin kowa a nan ya san Yankari ko da labari, sahihin sakamako zagaye ne rufaffe da ke maimaita kansa, amma Euler za ta riƙa buɗa zagayen yana faɗaɗa, har mutum ya zaci dabbobin ne suke ƙaruwa alhali kuskuren hanyar ne yake taruwa. Akwai kuma tsare-tsaren da wani sashensu yake gudu wani yake rarrafe, kamar ƙa'idar van der Pol idan akalarta ta yi girma, waɗanda hanyar da SciPy take ɗauka da kanta za ta daɗe tana fama da su. A irin wannan hali sai a ƙara `method="Radau"` ko `method="LSODA"` a cikin umarnin.

Idan maɓallin Lorenz ya yi nauyi a hannu, musamman a zafin Maris da Afrilu da fankar kwamfuta take ta kuka, a rage lokacin zuwa 20 a sassauta rtol zuwa 1e-6 yayin lalube, a mayar da su sai an sami wurin da ake son dubawa da kyau.

Wanda yake son haɗa bayani da lissafi da hoto a shafi guda domin raba wa ɗalibai, sai ya ƙara jupyterlab, ipywidgets da ipympl ta hanyar pip, ya rubuta `jupyter lab`. Shafin a burauza yake buɗewa, amma a cikin kwamfutar yake gudana, ba ya cin data. A rubuta `%matplotlib widget` a farkon shafin domin hoton ya riƙa juyawa, a kuma sa `continuous_update=False` a maɓallin ipywidgets domin kada ya sake lissafi sai an saki linzami. Idan aiki ya kai ga bin sawun matsayan da suke korar tsari, waɗanda jan maɓalli ba zai taɓa nuna su ba tunda layi ba ya zama a kansu, manhajar da ta dace ita ce XPPAUT ta Bard Ermentrout na Jami'ar Pittsburgh, wadda ita ma kyauta ce kuma tana ɗauke da AUTO, manhajar bin sawun matsayai yayin da akala take canzawa, a cikinta. Kafin a rufe kwamfuta a rubuta `pip freeze > jerin_kaya.txt`, a ajiye wannan fayil tare da rubutun a filash, domin shi ne zai faɗi ainihin lambar kowane ƙunshi da aka yi aikin da shi ranar da za a sake girkawa a wata kwamfutar.